Likita, ɗan Maradi zai iya hawa Kilimanjaro?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan kasuwa ne a nan Maradi, shekarata 29. A watan Fabrairu zan raka maigidana Tanzaniya, kuma burina in hau dutsen Kilimanjaro in taɓa dusar ƙanƙara da hannuna. Ban taɓa hawa dutse ba, amma ina buga ƙwallo, lafiyata ƙalau. An ce mini akwai tafiyar kwana biyar mai araha. In biya ta?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Dutsen yana hawuwa ga sabon shiga, ba a buƙatar igiya a hanyoyin da aka saba bi, kuma ko da yake mai aman wuta ne, ya daɗe yana barci. Amma ta kwana biyar ɗin nan, bar ta.

Ba ƙafa ke kayar da mutane a can ba, numfashi ne. Maradi ba ta kai mita 400 a kan teku ba. Dutse mafi tsawo a Nijar, can Bagzam, mita 2,022 ne, kai kuwa tun ranar farko za ka wuce wannan. Ƙololuwar Kilimanjaro, wato Uhuru, mita 5,895 ce, inda kowace shaƙa ke ba ka kusan rabin iskar da ka saba samu a gida. Jini yana sabawa, amma sai an ba shi kwanaki, kuma ƙwallo ba ta rage su. 'Yan ƙwallo ma sun fi ba ni tsoro, don su ke ɗaga ƙafa. Nemi hanyar Machame ta kwana bakwai ko Lemosho ta kwana takwas. In jagora ya ce "pole pole", wato sannu-sannu, bi shi ko da tafiyar ta yi kama da ta mai rakiyar amarya. Doka ma ba ta yarda a hau ba jagora ba.

Kafin ka biya ko dala, je ka yi gwajin amosanin jini. Mai SS ba ya zuwa, magana ta ƙare. Mai AS, wanda a gida bai san yana da komai ba, a sama saifarsa na iya toshewa, ya ji ciwo mai tsanani a hagu ƙarƙashin haƙarƙari. In AS ne kai, sai mun zauna tukuna. A nan ne kuma za a duba ko Diamox, maganin da ke taimaka wa jiki ya saba da ƙarancin iskar sama, ya dace da kai. Kada ka saya a tebur.

Daren hawa ƙololuwa ne gwajin. Da tsakar dare ake tashi, da fitila a goshi. Ranar da na hau, ruwan gorata ya daskare, yatsuna suka kasa ɗaura igiyar takalmi, ni da nake taƙamar na san ɗarin hunturu. Wani jibgegen saurayi da ya riƙa wuce mu kwana uku, na iske shi zaune kan dutse yana amai, bai iya faɗin sunansa daidai ba. Ciwon kai da ya ƙi jin farasitamol, tangaɗi kamar mashayi, haki kana zaune, tari mai kumfa: ko ɗaya ka gani, sauka nan take, ko da ana hango allon ƙololuwa.

Rigunan sanyi da jakar barci ana hayarsu a Moshi, garin da ke gindin dutsen. Takalmi ne kawai za ka saya tun yanzu, ka riƙa tattaki da shi cikin rairayin Gulbi da jaka a baya, awa uku ko huɗu, har ya saba da ƙafarka. Riƙe baƙin tabarau, don hasken ƙanƙara yana ƙona ido.

Fabrairu lokaci ne mai kyau, kafin ruwan ƙarshen Maris ya sauka. Sai dai duba kalanda: kullum sai ka sha lita uku zuwa huɗu, saboda haka in azumi ya faɗo cikin kwanakin, ɗage hawan zuwa Yuli.