Jinin ya tsaya, ko in daina shan maganin gyambon hanji?

Tambaya: Likita, shekara biyu ke nan da aka leƙa hanjina da na'ura aka ce gyambon babban hanji ne, wato kolaitis. Na daina shiga mutane, duk inda na je banɗaki nake fara nema. Yanzu jinin ya tsaya, 'yan'uwa na cewa basir ne kawai, in bar mesalazin, maganin da likita ya ɗora ni a kai, in sha maganin wankin ciki. Wallahi na gaji.

Amsa: Malama, sannu. Kada ki daina.

Gajiyarki ba ragwanci ba ce. Mai wannan ciwo kan tashi tsakar dare ya ruga banɗaki ciki na murɗa, ya zauna yana nishi, abin da zai fito ɗan jini ne da majina, ya miƙe kuma ya ji kamar bai gama ba. Gari ya waye jiki a mace, ga ƙarancin jini, mutane kuwa na ganinsa garau. Damuwa ba ita ta jawo ciwon ba, amma tana iya tayar da shi, don haka ki faɗa wa likitanki tsoron fitar nan, kada ki haɗiye.

Maganar basir kuwa, kullum sai na ji ta, har ta ishe ni. Basir jijiyoyin jini ne da suka kumbura a bakin dubura. Naki garkuwar jiki ce ke far wa fatar cikin hanji, daga dubura ya yi sama. Me ya haɗa su? Amma mai tallan magani, wanda bai taɓa ganin cikin hanji ba, duk jinin da ya fito ta ƙasa basir ne a wurinsa. Maganinsa ɗaya ne, a yi ta zawo wai datti na fita. Wane datti? Hanji mai ɗanyen miki za a ɗura wa abin da zai ƙara masa gudu? Sai mutum ya bushe, ido ya faɗa, sannan a kwaso mana shi ranga-ranga, mai maganin kuma ko ƙurarsa ba a gani.

Jinin ya tsaya ne don mesalazin na aiki. Ciwon lafawa yake yi, in aka janye magani yakan dawo. Prednisolon, maganin da ake bayarwa in ciwon ya tashi, shi ne ake ragewa sannu a hankali har a bari, shi ma da umarnin likita. Ki guji magungunan ciwon jiki ibuprofen da diklofenak. In ciwon ya tashi kada ki sha loperamid don tsayar da zawo, hanji na iya buɗewa har ya fashe.

Ranar da kika yi bahaya mai jini sau 6 ko fiye, ga zazzaɓi ko bugun zuciya ya haura 90 a minti, ki tafi asibiti a ranar. In ciwon ya kai shekara 8, ki tuna wa likitanki a sake leƙa hanjin saboda haɗarin sankara.