Tambaya da Amsa: Fulawar iris ta ƙi tsawo, in ƙara sayo wata ko in sayi taki?

Wata Hajiya daga Garwa ta ƙasar Kamaru ta rubuto cewa ɗiyarta da ke karatu a Faransa ta kawo mata saiwar iris mai gemu, wato wadda furenta ke da ɗan gashi kamar gemu, irin dogayen nan, a hoton jikin leda fulawar ta kai ƙugun mutum. Ta shuka, ganye ya fito kore shar, amma guda ɗaya ce tak ta yi fure, shi ma karan bai wuce taƙi ɗaya ba, furen ya buɗe a maƙale cikin ganye. Tana tambaya ko taki zata saya, ko kuwa ta sa a sake kawo mata wani irin.

Toh Hajiya, Allah ya yi wa ɗiyar albarka, amma ni dai shawarata ki riƙe kuɗinki, kar ki sayi ko ɗaya cikin biyun. Kafin komai ki nemo ledar nan ki sake dubawa, domin iris mai gemu kala-kala ce, ƙungiyar masu iris ta Amurka sai kara ya haura santimita 70 suke kiranta doguwa, akwai matsakaita daga 41 zuwa 70, akwai kuma gajeru da ko a Faransa basa wuce 40. In gajeriya aka baki to ba ta yi laifin komai ba, haka Allah ya halicce ta.

In kuma doguwar ce da gaske, matsalar sanyi ne Hajiya, ba yunwa ba. Asalin shukar nan daga kudancin Turai da kewayen tekun Bahar Rum take, can tana shan watanni cikin sanyi mai shiga ƙashi tana kwance, a lokacin ne furen da ke cikin saiwar yake shiryawa, sai wajen Afrilu da Mayu iska ta fara ɗumi a hankali karan ya miƙe yana tsawo kullum kaɗan-kaɗan. Mu kuwa a Garwa hunturunmu ɗan sanyin asuba ne na Disamba da Janairu, kafin azahar rana ta dawo, Maris na shiga zafi ya haura digiri 40, kinga furen sai ya yi gaggawar buɗewa tun karan bai gama tashi ba, saura kuma su ƙi yin furen ma gaba ɗaya. Ga shi shekarar farko ce, ko a ƙasarsu sabuwar dasawa takan yi gajeren kara saboda jijiya bata gama kama ƙasa ba.

Don Allah kar ki zuba mata takin ure ko 20-10-10 ɗin da muke sa wa masara. Ganye zai ƙara yawa ki ga kamar abin ya yi, saiwar kuma ta yi laushi ta ruɓe, in kika danna da yatsa ta lotse tana wari mai tada zuciya. Waɗanda suka rage ki lallaɓa su haka: saiwar nan mai kama da ɗanyar citta ba a binne ta da zurfi, bayanta ya kamata ya kusa leƙowa waje, a zafinmu ki ɗan yayyafa yashi sama-sama kar rana ta ƙona ta. Ki maida su tukunya mai huda a ƙasa, ƙasa mai yashi, inda ranar safe zata same su inuwa ta rufe su da yamma, sannan cikin Agusta ki janye su ƙarƙashin rumfa, ruwa mai kwanciya shi yafi kashe su. Zasu iya rayuwa, ganyen ma yana da kyau a tsakar gida, amma bazan miki alƙawarin furen hoto ba.

Wani bawan Allah daga Ngaundere yace shi garinsu akwai sanyi, ko ya gwada?

Malam kai kam ka fi Hajiya sa'a, kuna kan tudun Adamawa sama da mita 1,000, dare na da sanyi sosai. Sai dai damunarku doguwa ce kuma ruwanta da yawa, wannan shine abin tsoro. Ka sayi biyu ko uku kawai, ka zaɓi saiwa mai nauyi da tauri wadda babu tabo ko taushi, ka ɗaga kunya sosai yadda ruwa zai zarce, ka bar taƙi biyu tsakaninsu, rana ta same su aƙalla awa 6. Ka basu shekara biyu kafin ka yanke hukunci, in sun cika wuri bayan shekara 3 ko 4 ka tono ka raba. Kar ka kwashi kwali guda tun farko saboda hoto ya burge ka.

Sai wata ƙanwata daga Injamena da ke son fulawa mai dogon kara a ƙofar gida, tace me zata saya.

Ƙanwata ki nemi fulawar da ake kira kana wajen masu saida shuke-shuke a bakin titi, tana son zafi da ruwa da taki, ta kan wuce mita ɗaya, ja da rawaya, ita ma da saiwa ake dasa ta, maƙwabciya ma zata iya yanko miki kyauta. Akwai albasar kwaɗi tamu ta daji da ke fidda babban farin fure da farkon damuna. In ruwa ne ke miki wuya to ki nemi shukar kariya, bata damu da rani ba kuma furenta ruwan hoda ne mai kyau, sai dai ruwan jikinta guba ne, ki ajiye ta nesa da yara da awaki, ki wanke hannu duk sanda kika yanke reshe.