Ɗalibanmu harsuna da tarihi suke karantawa, wace sana'a za mu koya musu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina koyarwa a wata ƙaramar kwaleji a jihar Kebbi. Ɗalibanmu ba su da yawa, kuma galibinsu Hausa, Larabci, Faransanci, Tarihi da ilimin addini suke karantawa. An ɗora mini shugabancin kwamitin koyar da sana'a. Duk shekara sabulun ruwa da man shafawa muke koya musu, a ba su maki, shi ke nan an gama. Ba mu da kuɗin gina cibiya. Ta ina zan fara? Daga wata malama a Kebbi.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya taya ki riƙo. Tun wajajen 2007 gwamnatin tarayya ta wajabta darasin sana'a a manyan makarantu, kuma a wurare da dama sabulun nan ne ya zama gaba ɗayan darasin. Ni ma na bi ta hanyar. Akwai shekarar da aji guda suka haɗa mini sabulu iri ɗaya, kala ɗaya, ƙamshi ɗaya, muka rasa mai saye sai mu malamai. Sauran jarkokin a sito suka tsinke. Abin ya dame ni ƙwarai, domin yaran sun yi duk abin da na ce, ni ne ban taɓa tura su su tambayi ko mutum ɗaya me yake bukata ba.

Don haka ki ajiye maganar gini tukuna. Jarin da ke hannunki shi ne karatun da yaran suke yi, sai kuma ƙanƙantar makarantar. Kin san kowane ɗalibi da sunansa, kin san garinsu, ofishin shugaban kwaleji kuma taku kaɗan ne daga naki. Abin da zai yi wata shida yana yawo a fayil a babbar jami'a, ke a zama ɗaya za ki iya kammala shi.

Ki je shagon maganin feshi ranar kasuwa a Jega ko Aliero, ki ɗan tsaya. Manomi zai karɓi kwalba, ya juya ta, rubutun jikinta duk Turanci ne ƙanana. Sai ya tambayi yaron shago, "Murfi nawa ake zubawa?" Yaron ya ce biyu, wani na gefe ya ce shi uku yake sa wa. A haka ake ƙona albasa, a haka ake cutar da mai feshin kansa. To wa ya fi ɗalibin Hausa cancantar ya zauna da malamin gona, su fitar da bayanin daidai, ya naɗe shi da murya cikin Hausar da mutumin fadama yake ji, a riƙa turawa ta WhatsApp? Wanda zai biya shi kuma dillalin maganin ne, don shi ma ya gaji da masu dawowa da ƙorafi. Ƙirƙira ke nan, ko da ba a ƙera inji ba.

Haka sauran. Kebbi ta yi iyaka da Nijar da Benin, ɗan kasuwar da ke bin hanyar Kamba yana cin karo da takardun Faransanci kullum. Ɗalibin Larabci da addini ya karanta aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta yi umarni a rubuta bashi, alhali rigingimu nawa ake kai wa gaban alƙali saboda an yi ciniki da fatar baki? Rubuta yarjejeniya da riƙe wa 'yan kasuwa littafin lissafi aiki ne da ake biya. Masu Tarihi ga gidan tarihi na Kanta a Argungu, ga bikin kamun kifi da hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sa cikin al'adun duniya a 2016. Sai dai kar su jingina da bikin kaɗai, domin ya taɓa yin kusan shekara goma ba a yi ba kafin a dawo da shi a 2020. Rakiyar 'yan makaranta masu yawon buɗe ido da rubuta wa zuri'a tarihin gidansu sun fi ɗorewa.

Kar ki ɗauka wannan tunanin baƙo ne ga irin makarantarku. A jihar Kentaki ta Amurka akwai kwalejin Berea, wadda aka kafa a 1855, ɗalibanta ba su kai dubu biyu ba. Kowane ɗalibi sai ya yi aikin aƙalla awa goma a mako, wasunsu saƙa da sassaƙa da ɗaurin tsintsiya suke yi, ana sayarwa. Suna da dukiyar wakafi mai yawa wadda ku ba ku da ita, amma haɗa aiki da karatu ba ya bukatar wakafi.

Yanzu batun maki, wanda a ganina nan ne gizo ke saƙa. Muddin jarrabawar takarda ce ke ɗauke da maki mafi yawa, hadda za su yi. Ki raba ɗaliban uku-uku ko huɗu-huɗu. Makonnin farko su fita su zanta da mutum ashirin masu sana'a guda, su dawo da abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya. Daga nan su gwada magance abu ɗaya, su nemi wanda zai biya ko da naira ɗari biyar ce, da sharaɗin ba malami ba ne, ba kuma ɗan gidansu ba. Abin da za ki duba a ƙarshen zango littafin cinikinsu ne: me ya shigo, me ya fita, wa ya ƙi saye, don me. Waɗanda suka yi asara amma suka iya faɗin dalili dalla-dalla, ki ba su makinsu cikakke. In kika kayar da su, baɗi kowa sabulu zai koma don ya tsira.

Jari kuwa kaɗan ya isa. Ki nemi tsofaffin ɗalibai da 'yan kasuwar gari su haɗa asusu mai juyawa, a bayar bisa raba riba kamar yadda muka sani a mudaraba, don iyaye da yawa ba za su yarda da bashin ruwa ba, kuma suna da hujja. Rajista da CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, ta jira sai ciniki ya kankama. In kwalejin ta gwamnati ce, sai ki tuntuɓi jami'in da ke kula da harkar TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, kina riƙe da littattafan yaran a matsayin shaida.

Abu biyu nake roƙon ki ki tsare. Ɗalibai mata, musamman matan aure, a sanar da gida tun farko, a bar su su zaɓi abokan cinikinsu cikin mata masu ƙuli-ƙuli, masu turara shinkafa, masu kitso, kasuwar da namiji ba ya iya shigarta. Sannan a rubuta ƙarara cewa sana'ar ta ɗalibi ce, malami ba shi da kaso a ciki.

Kafin zaman kwamitinku na gaba, ki ɗauki ɗalibai biyar ku tafi kasuwa da littafi da biro. Abin da suka jiyo shi za ki karanta wa 'yan kwamitin.