Digirin koyarwa da wasanni: taura biyu ce ko ɗaya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Na kammala sakandare, ina shirin neman jami'a. Tun ina ƙarami nake buga ƙwallo, kuma ina son koyarwa, don ni nake yi wa ƙannena bitar karatu. Na ga akwai digirin da ya haɗa ilimin koyarwa da wasanni, hankalina ya kwanta da shi. Da na gaya wa mahaifina sai ya ce taura biyu ba ta taunuwa: in malanta zan yi in yi malanta, in kuwa ƙwallo ce ba sai na ɓata shekaru a jami'a ba. Don Allah me ake karantawa a wannan kwas? Zai taimaka mini in zama ɗan wasa ko koci? Wane aiki ake samu da shi?

AMSA

Wa'alaikumus salam, ɗana. Bari in fara da inda Baba ya yi gaskiya. Idan burinka ka ci abinci da buga ƙwallo, jami'a ba ita ce ƙofar ba. Manyan kulob-kulob suna ɗaukar yara a makarantunsu na horarwa tun kafin su balaga, kuma ba a tambayar ɗan wasa takardar digiri kafin ya sa hannu a kwantiragi. Ranar da za ka karɓi sakamakonka na ƙarshe, sa'o'inka da suka bi waccan hanya sun yi nisa. Za ka iya buga wa jami'arka, ka ji daɗinka, amma ka cire wannan daga lissafin zaɓen kwas.

Inda na saɓa da shi, cikin girmamawa, shi ne batun taura biyu. Taurar ɗaya ce. Malamin lissafi yana karanta lissafi, yana kuma karanta yadda ake koyar da shi, babu mai cewa ya raba hankalinsa. Haka wannan digiri yake. Malanta ce, sai dai darasin da za ka koyar shi ne jikin ɗan'adam a lokacin da yake motsi.

Fannin ba sabo ba ne. A 1813 Per Henrik Ling ya kafa makarantar horar da malaman motsa jiki a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, kuma tana nan har yau. A Jamus akwai jami'a sukutum a birnin Kolon, wadda aka buɗe a 1947, ba ta da wani aiki sai ilimin wasanni. Ƙwallon kwando da kake gani ma daga aji ta fito. A 1891 aka ba wani malamin motsa jiki, James Naismith, ɗaliban da sanyin hunturu ya hana su fita fili a garin Springfield na Amurka, aka ce ya nemo musu abin yi a cikin zaure. Sai ya rataye kwanduna biyu, ya rubuta dokoki 13. Bayan shekara huɗu, a 1895, William Morgan ya ƙirƙiro ƙwallon raga a Holyoke saboda manyan mutane da ƙwallon kwando ta yi wa tsauri. Dukansu malamai ne da ke neman mafita ga mutanen da ke gabansu.

To me ake karantawa? Abin da ke ba sababbin ɗalibai mamaki shi ne yawan kimiyya. Duk shekara ina ganin samari sun zo da takalman ƙwallo, zangon farko bai ƙare ba sun koma ɗakin karatu suna haddar sunayen ƙasusuwa 206 da ke jikin baligi, da tsokoki fiye da 600, da inda kowace ta kama da gaɓar da take motsawa. Daga nan sai yadda zuciya da huhu ke aiki idan jiki ya ɗauki zafi. Za ka gane dalilin da ya sa mai tseren mita 100 da mai tseren mita 5,000 ba sa atisaye iri ɗaya: na farko yana ƙona ɗan makamashin da ke ajiye a cikin tsoka ne, wanda ba ya wuce kimanin daƙiƙa goma, na biyu kuwa ya dogara da iskar oksijin da jini ke kai wa tsoka a hankali. Akwai kwas na fizis ɗin motsi, inda ake lissafa kusurwar jifa da ƙarfin da ke sauka a gwiwa idan mutum ya diro daga tsalle. Akwai abinci mai gina jiki, da taimakon gaggawa, da ƙididdiga, wadda ba makawa sai da ita za ka rubuta kundin bincikenka na shekarar ƙarshe. Wanda ya gudo nan don tsoron bayoloji da lissafi, tsugune ba ta ƙare masa ba.

A cikin kimiyyar nan, abin da ya fi shafar malami shi ne girman yaro. Yaro ba ƙaramin babba ba ne. A bakin dogayen ƙasusuwansa akwai guringuntsi inda ƙashin ke ƙara tsawo, kuma wurin ya fi sauran rauni, shi ya sa faɗuwar da za ta bar wa babba targaɗe kawai tana iya taɓa wa yaro wurin girma. 'Yan mata sukan yi zabura ta tsawo kimanin shekara biyu kafin maza. A aji ɗaya za ka tarar da yaron da ya girmi ɗan'uwansa da wata goma sha ɗaya, ya fi shi tsawo da ƙarfi, sai a ɗauka ya fi shi baiwa, alhali watanni ne kawai suka raba su. Wanda bai karanta wannan ba zai zaɓi manyan, ya sallami ƙananan, ya yi asarar yaran da da sun fi kowa nan da shekara uku.

Sai ɓangaren koyarwa, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan digirin. Za ka zauna aji ɗaya da masu shirin koyar da tarihi da harshe, ku karanta halayyar yara, da tsara manhaja, da rubuta tsarin darasi, da auna fahimta. Bayan haka akwai abin da ya keɓanta da mu, wato yadda jiki ke koyon motsi. Tun 1967 wasu masana biyu, Fitts da Posner, suka bayyana cewa mai koyo yana bi ta mataki uku: lokacin da yake tunanin kowane motsi yana kuskure, lokacin da yake gyarawa yana daidaitawa, da lokacin da jiki ke yi da kansa ba tare da tunani ba. Matsalar gwanin ɗan wasa ita ce ya daɗe a mataki na uku har ya manta yadda na farko yake. Ka ce ya nuna wa yaro yadda ake tare ƙwallo, sai ya tare, ya ce "haka ake yi". Yaron ya kasa, sai ya sake tarewa da ƙarfi, ya ɗaga murya. Ba mugunta ba ce, bai san abin da ƙafarsa ke yi ba ne, balle ya rarraba shi gida-gida.

Ni kaina na faɗa wannan rami. Ranar da mai duba ni ya zo lokacin da nake koyarwar gwaji a wata makaranta, na jera yara layi ɗaya, na ajiye ƙwallo ɗaya, kowa ya zo ya buga ya koma baya. Layi a miƙe, ba hayaniya, usur a wuyana, ina ji da kaina. Da aka tashi sai ya nuna mini takardarsa. Ashe yarinya ɗaya ya zaɓa ya bi ta da ido tun daga farko har ƙarshe, yana ƙirga sau nawa ta taɓa ƙwallo. Sau biyu. Sauran lokacin duk a tsaye ta yi shi tana kallon ƙeyar na gabanta. Bai yi mini faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi: me ta koya yau? Irin wannan darasi na layi da usur shi ne abin da masana fannin suka daɗe suna yaƙa. A 1966 Muska Mosston ya jero salon koyarwa daki-daki, daga wanda malami ke yanke komai har zuwa wanda ɗalibi ke gano mafita da kansa. A 1982 David Bunker da Rod Thorpe na Jami'ar Loughborough a Ingila suka kawo shawarar a fara da ƙaramin wasa, uku da uku ko huɗu da huɗu, yaro ya ga matsalar da idonsa, sannan a koya masa dabarar da zai warware ta. Waɗannan su ne abubuwan da za a yi maka jarrabawa a kansu, a takarda da kuma a fili.

Filin ma ba ƙwallon ƙafa kaɗai ba ne. Za ka yi guje-guje da tsalle-tsalle, da wasannin lanƙwasa jiki, da ƙwallon hannu da ta raga da ta kwando, a wurare da dama har da ninƙaya. Sau da yawa makin ba a kan gwanintarka yake ba, a kan yadda ka koya wa wani ne.

Ga bambancin da nake so ka riƙe kafin ka cike fom. Koci yana zaɓen waɗanda suka fi iyawa, ya sallami saura. Malami ba shi da wannan dama. Mai ƙiba nasa ne, mai asma nasa ne, yarinyar da ke jin kunyar gudu a gaban mutane tasa ce, haka yaron da ke kan keken guragu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 60 a kullum. Binciken da masananta suka fitar a 2019, wanda ya shafi ɗalibai miliyan 1.6 a ƙasashe 146, ya nuna kashi 81 cikin ɗari na masu shekara 11 zuwa 17 ba sa kai wannan adadi, kuma abin ya fi muni a wajen 'yan mata, kashi 85, a kan kashi 78 na maza. Tun 1978 UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ayyana ilimin motsa jiki da wasanni a matsayin haƙƙin kowane mutum. Waɗannan huɗu cikin biyar ɗin, waɗanda ba za su taɓa ɗaga kofi ba, su ne ainihin mutanen da ake horar da kai dominsu. In tunanin su bai motsa maka rai ba, za ka sha wahalar aikin.

Batun koci kuwa, digirin zai taimaka ƙwarai, amma ba shi ne lasisi ba. Lasisin horarwa hukumomin ƙwallo ke bayarwa, hawa-hawa. A Afirka na CAF yana tashi daga D zuwa C, B, A, sannan Pro, a Turai kuma UEFA ke da nata. Za ka iya fara ƙananan matakan tun kana ɗalibi, kuma ina ba da shawarar haka. José Mourinho bai yi suna a matsayin ɗan wasa ba. Ilimin wasanni ya karanta a Lisbon, ya koyar da motsa jiki a makarantu, ya yi wa koci Bobby Robson tafinta, kafin ya ci kofin zakarun Turai da Porto a 2004. Louis van Gaal ma ya yi shekaru yana malamin motsa jiki kafin ya ci wannan kofi da Ajax a 1995. Na kawo su ne don ka ga hanyar tana ɓullewa, ba don in yi maka alkawari ba. Haka kuma digirin ba zai mai da kai likitan fisiyo ba, wato mai jinyar raunin gaɓoɓi da tsoka ta hanyar gashi da atisaye. Wannan kwas ne daban, mai rajistarsa daban, kuma na sha ganin ɗalibai sun shigo da wannan ruɗani.

Mafi yawan waɗanda suka gama koyarwa suke yi, a firamare ko sakandare. Wasu suna shiga hukumomin wasanni, ko wuraren motsa jiki, ko ƙungiyoyin da ke aiki da matasa da masu buƙata ta musamman, wasu su zama alƙalan wasa, wasu su ci gaba da digiri na biyu su koma bincike. Ba zan ɓoye maka ba, a makarantu da yawa a duniya ana yi wa darasin kallon na biyu. Jarrabawa na matsowa, lokacinsa ake fara yankewa a ba wa lissafi. Saboda haka in jami'ar ta ba da damar haɗa shi da wani darasin koyarwa, kamar bayoloji ko ilimin kiwon lafiya, ka haɗa. A Jamus ma bisa al'ada mai shirin koyarwa a sakandare darussa biyu yake karantawa, wasanni na iya zama ɗaya daga ciki.

Abu ɗaya da ya kamata ka bincika da kyau: sunan digiri yana ruɗi. Wani an sa masa "ilimi da wasanni" amma nazari ne kawai a kan fannonin biyu, ba ya ba ka shaidar shiga aji. A Ingila misali, digiri na shekara uku ne, kuma in bai zo da shaidar malanta da suke kira QTS ba, sai ka ƙara kwas na shekara guda, galibi PGCE, kafin ka zama cikakken malami. Kowace ƙasa da nata tsarin. Don haka ka tambayi sashen kai tsaye ko hukumar rajistar malamai ta amince da digirin, da makonni nawa ake yi a koyarwar gwaji, sannan in da hali ka je ka ga filinsu da ɗakin gwajinsu da idonka.

Kafin nan, ka nemi wata firamare ka roƙi malamin wasanninsu ya bar ka ka taya shi na 'yan makonni. Kada ka karɓi ƙungiyar makarantar, ka karɓi aji guda yadda yake, ka zaɓi yaron da ya fi kowa rauni ka ga ko za ka iya koya masa abu ɗaya. Shi kuma Baba, ka buga masa jerin kwasa-kwasan daga shekarar farko zuwa ta ƙarshe, ka kai masa ya karanta da kansa, sannan ku sake zama.