Me ya sa wasu sistocin Katolika ke lulluɓi, wasu kuma ba sa yi?

Tambaya: Malam, ina jinyar mahaifiyata a wani asibitin mishan, sai na ga sistoci iri biyu. Wasu da doguwar riga da mayafi har kafaɗa, ka ce hijabi ne, wata kuma siket da riga kawai, sai ɗan gicciye a wuya. Shin suturar nan dole ce a kansu? Kuma gaskiya ne akwai waɗanda ba sa fita waje har su mutu? Yaya suke wuni? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya ba Mama lafiya. Abin da za ki fara riƙewa shi ne sistoci ba ƙungiya ɗaya ba ce. Ƙungiyoyi ne barkatai, kowacce da wanda ya kafa ta, da dokarta, da tufarta. Wanda ya saba da su daga nesa yake gane 'yar wane gida ce, kamar yadda ake gane soja da ɗan sanda ta kaki. 'Yan Dominika fari suke sawa da carbi rataye a ɗamara. 'Yan Karmel ruwan ƙasa, da wani dogon ƙyalle da ake zurawa ta kai ya sauka gaba da baya. Mabiyan Faransis igiya suke ɗaurawa a ƙugu, mai ƙulli uku, kowane ƙulli na tuna wa'adi ɗaya: talauci, rashin aure, da biyayya. A gidaje da yawa farin mayafi na mai koyo ne, baƙi kuma na wadda ta riga ta ɗauki wa'adi.

Lulluɓin kansa tsohon abu ne. Wajen shekara ta 353 Paparoma Liberiyus ya yafa wa Marselina, yayar Ambros, wanda daga baya ya zama bishop na Milan, mayafi a Roma, alamar ta keɓe kanta ga Allah. Amma yawancin abin da muke gani a tsofaffin hotuna, asalinsa kayan talakawan mata ne da na zawarawan Turai na zamanin da aka kafa ƙungiyar. Duniya ta sauya yayi, su ba su sauya ba, sai tufar ta koma abin kallo. Dubi ƙungiyar Daughters of Charity da Vincent de Paul da Louise de Marillac suka kafa a Faransa a 1633. Sun ɗauki shigar matan ƙauye ne takanas don su saje da jama'a, su shiga lungu su yi jinya. Sannu a hankali farar hular tasu ta yi ta faɗi, ana kafe ta da sitaci, har ta yi fukafukai biyu. Mai irin wannan hula da ƙyar take ganin gefenta, balle ta tuƙa mota ko ta sunkuya kan majinyaci. A watan Satumba na 1964 suka ajiye ta, suka koma ƙaramin mayafi.

Shekara guda bayan haka, babban taron Vatikan na biyu, wato taron bishop-bishop na cocin Katolika wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, ya ce tufar masu wa'adi ta zama mai sauƙi da kamun kai, wadda ba ta cutar da lafiya, ta kuma dace da wuri da irin aikin da ake yi. Daga nan aka rabu. Wasu sun rage tsawo da nauyi, wasu, musamman a Amurka da yammacin Turai, sun ajiye ta gaba ɗaya. Dokar cocin ta 1983 ta ce a sa tufar ƙungiya, sai dai kundin kowace ƙungiya ne ke fayyace kamanninta, shi ya sa kika ga iri biyu a asibiti ɗaya. A Najeriya akasarin sistoci na nan da mayafinsu, kuma fari ko shuɗi mara nauyi ya fi yawa saboda zafi. Ni a ganina wadda ta fi fahimtar hikimar farko ita ce Uwa Teresa. A 1948 ta ɗauki farin sari mai arha, mai ratsin shuɗi a baki, irin na matan talakawan Kalkata, maimakon ta kwaso baƙin ulun Turai ta kai Indiya. Su ma ɗin sistocin ƙungiyar da ta kafa, yau sarin ya zama tambari da ake ganewa ko'ina.

Batun rashin fita kuwa, gaskiya ne, amma ga kaɗan daga cikinsu. Su ne masu kulle, irin 'yan Karmel bin gyaran da Teresa ta Avila ta fara a Sifen a 1562, da 'yan Kilara, wato mabiyan Kilara ta Asisi. Ba sa barin gida sai da dalili mai ƙarfi kamar asibiti. Iyaye kan zo gaisuwa, a zauna a ɗaki guda, amma akwai tagar ƙarfe a tsakani. A tsofaffin gidaje za ki ga wani akwati mai juyawa a jikin bango: baƙo ya ajiye saƙo ya juya, saƙon ya shiga ciki, ba wanda ya ga fuskar wani.

Ƙararrawa ce ke tafiyar da wuninsu. Tun da asuba ake tashi, a taru a ɗakin sujada kusan sau bakwai a yini ana rera Zabura, tsarin da ya samo tushe daga dokar zaman sufaye da Benedikt ya rubuta a ƙarni na 6. Akwai Mas, wato babbar sujadar Katolika, kullum. 'Yan Karmel na ƙara awa biyu na addu'ar shiru, ɗaya da safe ɗaya da yamma, wasu 'yan Kilara kuma tsakar dare suke tashi. Tsakanin addu'o'in aiki ne: lambu, girki, ɗinka rigunan limaman coci, gasa gurasar jibi ta Mas da ake sayar wa majami'u, domin da shi gidan ke ci. Ana cin abinci ba magana, ɗaya na karatu sauran na saurare. Kada ki ɗauka ba a dariya. Bayan abinci akwai lokacin hira, kowa da ɗinkinta a hannu. Da an yi addu'ar dare sai shiru ya sauka har wayewar gari.

Waɗanda kika gani a asibiti ba sa cikin wannan sahu. Addu'ar safe da Mas, sai kowa ta nufi aji ko ɗakin haihuwa, a dawo a haɗu a addu'ar yamma da abinci. Irinsu ne suka buɗe makarantar Queen of Apostles a Kakuri, wadda yanzu kike sani da Queen Amina, irinsu ne kuma sistocin St. Louis da suka sauka Kano a 1948. Albashin sista ba ya shiga aljihunta, asusun gida yake tafiya, a ba ta na sabulu da na mota. Idan shugabar ƙungiya ta ce ta tashi daga Jos ta koma Gusau, sai ta haɗa jakarta. Da yawansu kan ce wannan biyayyar ta fi rashin aure wuya.

Ba kuma rana ɗaya ake shiga ba. Budurwa kan yi watanni tana zaune da su da kayanta na gida, sannan ta yi koyo na shekara ɗaya zuwa biyu, sannan wa'adin wucin gadi na shekara uku zuwa shida. A duk tsawon nan tana iya cewa ta fasa, su ma suna iya sallamarta. Sai a ƙarshe take yin wa'adin har abada a gaban jama'a da iyayenta, a ƙungiyoyi da yawa a sa mata zobe a yatsa. Bayan wannan ma ana fita, amma sai an nemi izini a rubuce, daga bishop ko daga Roma, gwargwadon wanda ƙungiyar ke ƙarƙashinsa.