Gwanin fiyano a kiɗan progressive rock: ni dai Tony Banks

Malam, ka tambayi wanda ya fi burge mu cikin makaɗan fiyano na salon progressive rock, wato kiɗan rock mai dogayen waƙoƙi da tsari mai sarƙaƙiya. Na san mafi yawa za su ce Keith Emerson na ƙungiyar ELP (Emerson, Lake & Palmer), kuma ba su yi laifi ba. Mutumin da ya riƙa cusa wuƙaƙe tsakanin maɓallan ogan ɗinsa na Hammond don sautin ya ci gaba da fita ba yankewa, ya kuma ɗauko ƙatuwar na'urar haɗa sauti ta Moog ya hau dandamali da ita, ai dole a sara masa. Rick Wakeman, da ya shiga ƙungiyar Yes a 1971, shi ma yatsunsa kamar walƙiya, ga alkyabba mai ƙyalli.

Amma ni Tony Banks na ƙungiyar Genesis nake ɗauka. Ba ya nuna bajinta don a tafa masa. Waƙar yake ginawa daga tushe. Saurari yadda ya buɗe waƙar "Firth of Fifth" a faifansu na 1973, fiyano zalla, yana sauya ƙidayar kiɗan ba tare da ka ji tuntuɓe ba. Daga baya a cikin waƙar Steve Hackett, makaɗin jita na ƙungiyar, ya ɗauki karin waƙar da jita, kuma Banks ne ya tsara shi.

Richard Wright na ƙungiyar Pink Floyd ne na biyu a wurina.