Tambaya da Amsa: Wane Wili Ne Ya Dace da Tsohuwar Peugeot 504?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na gaji Peugeot 504 daga mahaifina, Allah ya jiƙansa, kuma mafi yawan abin da na tara ya tafi wajen gyaran inji da fenti. Wilin ƙarfen da ke jikinta sun yi tsatsa, biyu daga ciki sun lanƙwashe a baki. A kasuwar Dilimi na ga wilin alminiyom masu inci 17 da suka kwanta mini a rai, sai dai ramukan notinsu ba su zo daidai da na motar ba, mai kayan kuwa ya ce za a iya faɗaɗa ramukan ko a huda sababbi. Kuɗin da suka rage mini kaɗan ne. Shin in saya, ko akwai hanyar da ta fi? Daga wani mai karatu, Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ka mori abin da ya bari. Shawarata ita ce kada ka sayi waɗannan wilin, kuma kada ka yarda kowa ya taɓa ramin noti da injin huji, komai sauƙin farashin da aka yi maka. Ramukan nan su ne suke riƙe wili a tsakiya daidai, kuma mazaunin da aka sassaƙa wa noti a bakinsu shi ne yake hana shi kwancewa. Da zarar an faɗaɗa rami, noti ba zai zauna da dukan jikinsa ba, sitiyari zai riƙa rawa, ƙusoshin su riƙa ɗaukar nauyi a karkace har wata rana ɗaya ta karye. Mutumin da zai riƙa gangara Hawan Kibo da iyalinsa a bayan mota bai kamata ya ɗora rayukansu a kan irin wannan gyara ba.

Dalilin da ya sa ramukan suka ƙi haɗuwa shi ne 504 tana da awon da ba kowace mota ke da shi ba. Ƙusoshinta huɗu ne, kuma idan ka auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar ramin da ke fuskantarsa za ka sami milimita 140, abin da ake rubutawa 4x140. Motocin Peugeot na baya-bayan nan irin su 206 da 307 da 406 suna da 4x108, ƙananan motocin Japan da yawa kuma 4x100 ne, shi ya sa kusan duk wilin da ke ƙyalli a kasuwa ba na motarka ba ne. Waɗanda suke tarayya da ita a wannan awo su ne Peugeot 505 da 604, da wasu tsofaffin Subaru. Saboda haka ka tafi kasuwa da tef ɗin awo a aljihu, ko ma ka ɗauki safayarka gaba ɗaya.

Girman ma abin dubawa ne. An ƙera 504 a kan wili mai inci 14 da taya mai tsayin gefe, kuma wannan gefen da iskar da ke cikinsa suna daga cikin sirrin laushin da ya sa motar ta yi suna a hanyoyin Afirka tun fitowarta a 1968. Idan ka koma inci 17, dole tayar ta zama siririya domin ta shiga ƙarƙashin madigadi, daga nan kuma duk ramin da ka faɗa a titin Bauchi ko hanyar Bukuru bugunsa zai zarce kai tsaye zuwa wili da boris da shokzoba. Kyan da ka saya zai dawo maka da kashe kuɗi a wajen bakanike, ga shi kuma, a ganina, babban wili yana ɓata kamalar wannan mota.

Hanya mafi araha, wadda kuma na fi so maka, ita ce ka raya wilin asali. Ƙarfe yana karɓar gyara: idan lanƙwasar a baki kawai take, ana iya miƙar da ita, a kankare tsatsa, a shafa fentin ƙasa sannan na sama, a yi masa balansin. Wanda tsatsa ta ci har ya yi laushi, ko ramukansa suka gurje, ka musanya shi. A nan sa'arka babba ce, domin kamfanin PAN (Peugeot Automobile Nigeria) ya fara haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, ya ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, fiye da shekara 20 bayan an daina yin ta a Faransa, don haka ana samun wilinta a wajen masu kayan tsofaffin motoci a Dilimi da Farin Gada, da Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano. Idan ka dace da murfin wilinta na asali masu ƙyalli, motar za ta fito yadda mahaifinka ya san ta.

In kuwa ranka ya nace a kan alminiyom, nemi na 505. Mai inci 14 zai ci gaba da tayoyinka na yanzu, wanda hakan ragin kuɗi ne mai yawa. Mai inci 15 zai buƙaci sababbi, kuma taya mai lamba 195/65 R15, wadda ake samu ko'ina, tsayinta ya yi kusan daidai da na 175 R14 ta asali, saboda haka agogon gudu ba zai yi maka ƙarya ba. Amma ka kula da tarko guda: wasu 505 da 604 sun zo da wili na tsarin TRX na kamfanin Michelin, mai milimita 390. A ido yana kama da mai inci 15, alhali tayar inci 15 ba ta dace da shi ba, tasa kuma tana da tsada da wuyar samu. Idan ka ga lamba 390 a jikin wili, ka ajiye shi. Ka kuma nemi a haɗa maka da notocinsa, domin mazaunin noti a alminiyom sau da yawa ya bambanta da na ƙarfe.

Kafin ka biya, a ɗaura guda ɗaya a gaba, a ɗaga motar, a juya shi da hannu a ga ko yana tangaɗi ko yana gogar birki, sannan a sauke ta a karya sitiyari har ƙarshe hagu da dama a tabbatar taya ba ta taɓa komai. Lambar da ke bin haruffan ET a bayan wili ita ce ke nuna yadda zai shige ciki ko ya fito waje, kuma wannan gwaji ne zai bayyana ko ta dace. Ka wanke bayan kowane wili ka duba tsaga da alamar walda, musamman kusa da ramuka. Alminiyom da ya tsage a wannan wuri ba abin saye ba ne ko da kyauta.

Abin da ya rage a hannunka ka zuba shi a taya. Ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe da ke bin rubutun DOT a gefenta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Tayoyin da suka daɗe roba tana bushewa a jikinsu ko da zanensu bai cinye ba. Idan kuɗin ba za su kai huɗu a lokaci ɗaya ba, sayi biyu iri ɗaya ka sa su a baya, sauran biyun kuma su biyo baya da zarar hali ya samu.